Kafin Safiya Ta Sa Hannu

Cheras, Kuala Lumpur
Ranar Litinin

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ba zan iya yi miki hannu da hannu ba, tunda ƙofa ce tsakaninmu. Allah Ya raya ki, Ya tsare ki daga wannan cuta da ta kwantar da ni, Ya sa fitar da za ki yi gobe fita ce ta alheri. Jikina da sauƙi. Zazzaɓin ya sauka, sai tari da dushewar murya, sai kuma abinci da nake ci kamar ina tauna takarda. Kada ki faɗa wa Abbanku haka, shi yana can yana ganin girkinsa ne ya warkar da ni.

Da Hausa na rubuta miki, kuma da gangan. Ki zauna ki karanta da bakinki a hankali, kada ki kai wa waya ta fassara miki, kada kuma ki leƙo ta ƙasan ƙofa ki ce min “oke lah, Umma” alhali rabi kika karanta. Na san ki sarai.

Ban so a ce ranar da za ki bar gidan nan ina killace a ɗaki ba. Na so in naɗe miki kayanki da hannuna, in raka ki har Danau Kota, in ga ɗakin da za ku zauna ke da Safiya, in duba ko tagarsa tana rufuwa. Allah bai nufa ba. Amma korona hanci ta toshe min, ba ta taɓa kunnena ba. Jiya da hantsi kina naɗe kaya a falo, kin sa waya a sifika, na ji duk abin da kuka yi da Safiya.

Na ji ta ce miki, “Ummi, don Allah nawa suka yanka miki? Manaja ta kira ni, ta ce kasuwa ta faɗi, kowa za a rage masa, in sa hannu a sabon kwantiragi kafin Alhamis. In dai kowa ne, shi ke nan, sai in sa.”

Sannan kika ce, “Ke dai alhamdu lillahi, Safiya. Ana maneji.”

Wallahi Mamana, da na ji wannan amsa sai da na dafa bango. Muryarki ce, amma maganata ce, har da inda kika ja numfashi. Ni na san abin da aka yanka miki, domin ke kika nuna min takardar kina tsalle. Ya fi abin da Safiya take karɓa tun kafin ma a rage mata, ita da ta shekara biyu tana amsa wayar masu saye a kamfanin nan, ita da ta kai miki labarin gurbin, ta koya miki abin da za ki ce a ganawa. Na kuma san manajar ta ce miki wannan tsakaninku ne, kada ya fita. Saboda haka nake rubuta miki. Sauran nasihohin, su salla a kan lokaci da kulle ƙofa da kada ki rayu a kan tapau daga mamak, wato abincin leda na rumfunan bakin titi, kin ji su har kin gaji. Wannan ce ban taɓa yi miki ba, don ni kaina ban da bakin yin ta.

Bari in fara daga inda muka samo wannan hali. Hajiyata, wadda kika ci sunanta, ɗinkin hula take yi a Gwammaja. Ko mu ’ya’yanta ba mu taɓa sanin nawa take sayar da hula ɗaya ba. In dillaliya ta zo, sai su shige ɗaka su saki labule. Ta raine mu a kan cewa mutum mai daraja ba ya faɗin samunsa. Akwai baki, akwai hassada, akwai dangin da in suka ji za su sa ka a gaba da buƙata. Wanda ya tambaye ka nawa kake samu ya yi rashin ta ido, kai kuma in ka amsa ka fi shi. Ba na zarginta, Allah Ya jiƙanta. Ita kanta take wa aiki, ita ke yanka wa hularta kuɗi, shirunta bai taɓa rage wa kowa tuwo ba. Ni ce na ɗauko shirun nan na kai shi wurin da hannu ɗaya ke biyan mutane da yawa, ban tsaya na ga cewa wurin ya bambanta ba.

Kuskurena na farko a Kano na yi shi, kafin a haife ki. Na gama karatu na je neman koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya tambaye ni, “Malama, nawa za mu ba ki?” Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, na ce, “Duk abin da ya sauwaƙa, ranka ya daɗe.” Kai, ya ji daɗin wannan magana! Har yabona ya yi, ya ce an ga tarbiyya. Abin da ya sauwaƙa masa kuwa shi ya ba ni. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a kan haka. Aka kawo wani saurayi, ni na koya masa yadda ake tsara darasi, ashe ya fi ni albashi nesa ba kusa ba. Kin san a bakin wa na ji? A bakin matar da ke suyar awara a bakin get. Duk makarantar an sani sai ni, mai kunya. Na koma gida na yi kuka na ƙoshi, washegari na dawo aji ban ce wa kowa uffan ba.

To ki ji. Tambayar nawa ake biya a kan aiki ba rashin kunya ba ne, ba kwaɗayi ba ne. Ƙarfinki da lokacinki kike sayarwa. Ke da ba ki sayen kifi a kasuwar Cheras sai kin zaga rumfa uku kin ji farashi, don me za ki sayar da wata guda na rayuwarki ido rufe? Wanda zai faɗa miki farashin gaskiya kuma ba mai saye ba ne, wadda ke zaune kusa da ke tana yin irin aikinki ce.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma a garin nan na yi shi. Lokacin kina firamare, Abbanku yana tsakiyar digirinsa na uku, ni kuma na samu koyarwa a makarantar da nake har yanzu. Aka yi suna a Danau Kota, gidan wani ɗalibi. Matan ’yan karatu ne cike da falo, mafi yawansu kuɗin tallafin mazansu ya makale a gida wata da watanni, ana ta lallaɓa rayuwa. Wata ta ce, “Maman Ummi, an ce kin fara aiki, Allah Ya sa albarka.” Maimakon in ce amin in ja bakina, sai shaiɗan ya hau kaina. Na faɗi albashina da ringit, ban tsaya nan ba, na juya shi zuwa naira don kowa ya ji nauyinsa. Wata baiwar Allah ta ajiye farantinta ta ce za ta duba yaro, ba ta dawo ba. A jirgin ƙasa muna komawa gida na ji kamar in nutse. Ranar na rantse ba zan ƙara faɗa wa wani mahaluƙi abin da nake samu ba, na ce Hajiya ta yi gaskiya.

Na ɗauki darasin a karkace. Laifina a gidan sunan nan shi ne na faɗa don a gan ni, ga mutanen da sanin ba zai amfane su da komai ba sai ƙuna. Wannan ki guje shi har abada. Kada ki faɗi albashinki a taron biki, kada ki faɗa wa wanda ba shi da aiki, kada ki rubuta shi inda duniya za ta gani. Amma abokiyar aikin da aka sa wa takarda a gaba, wadda amsarki ce za ta sa ta sa hannu ko ta ƙi, wannan wata magana ce daban. Ni na haɗa su na ɗaure da rantsuwa ɗaya, kuma wata ce ta biya kuɗin rantsuwar.

Kin san Anti Binta, ba sai na gabatar miki da ita ba. Amma kin san ta ne a matsayin mai kawo muku dambu ranar Lahadi, mai kiran ki “amaryar Funtuwa” don ta ga kin tura baki. Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Mijinta ya rasu a nan suna tsakiyar karatu, ta ƙi komawa gida, ta ce sai ta ƙarasa nata digirin ko don yaran nan biyu. Ta samu koyar da Larabci a makarantarmu. Daga albashin nan take biyan haya, da kuɗin jami’a, da sabunta bizar yara duk shekara. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a ɗakin malamai. Teburinmu ɗaya, kwanon abincinmu ɗaya, in ɗaya ta makara ɗaya ta riƙe mata aji.

Da aka yi kullen korona na farko, makaranta ta koma ta intanet. Kin tuna yadda na mayar da teburin cin abinci aji, ina daka muku tsawa ku yi shiru. Ana cikin haka mai makarantar ya fara kiran malamai a waya, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya yi ta zuba min zuma. Ya ce iyaye ba sa biya, makaranta na tangal-tangal, dole a rage albashi. Amma ni, tunda malamin lissafi wuyar samu gare shi, kaɗan za a taɓa nawa. Ya ce, “Wannan tsakanina da ke ne, Malama. In sauran suka ji, sai in fasa.” Na yi ta godiya har da rusunawa, ni kaɗai a kicin, mutumin ma ba ya gani na. Gaskiyar magana, daɗi na ji. Na ji ni ta daban ce.

Da aka ɗan sassauta kullen, aka ce mu zo makaranta mu sa hannu a sabuwar yarjejeniya, kowa da lokacinsa don kada a taru. Na fito daga ofis na tarar da Binta a baranda, takunkumi a fuska, takarda a hannu. Ta ja ni gefe ta ce, “Maman Ummi, tsakaninki da Allah, ke ma rabi aka yi miki? Ya ce min kowa rabi ne, har shi kansa. Ni rabi ba zai riƙe ni da yaran nan ba. Amma in kowa ne, ba zan zama ni kaɗai marar haƙuri ba.”

Ga ta, ga ni. Idonta kawai nake gani a saman takunkumi. Abubuwa suka yi ta zuwa min: rantsuwata, gargaɗin mutumin nan, bizarmu da ke rataye a wuyan makarantar, kuɗin kwalejinki. Har da wani tunani mara kyau, wai in ta ji an fifita ni za ta canza min fuska. Sai na ce, “Ke dai bari, Binta. Alhamdu lillahi. Ana maneji.”

Ban ce mata rabi aka yi min ba. Shekara biyu ina fakewa da wannan, ina ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Amma na san abin da za ta fahimta, kuma don ta fahimci hakan na faɗa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, “To, Allah Ya fitar da mu tare.” Ta lalube jakarta ba ta ga abin rubutu ba. Ta ce in ara mata biro. Na ciro nawa na miƙa mata, ta dafa takardar a bango ta sa hannu ina tsaye.

Abin da ya biyo baya kin ga wani, wani an ɓoye muku. Ta tashi daga gidanta ta koma ɗaki ɗaya ita da yara. Ta sayar da ’yan kunnen aurenta. Ta dakatar da karatun da ya rage mata kaɗan ta kammala. Lokacin da aka sake kulle gari, mutanen ƙasar nan suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar gidan babu abinci, maƙwabta su kawo. Na ce mata, “Binta, ko za ki rataya?” Ta dube ni ta ce, “Haba Maman Ummi, ni ’yar Funtuwa in rataya tsumma duniya ta san ba mu ci ba? Allah Ya rufa asiri.” Sai na riƙa aika mata shinkafa da mai, ina cewa Abbanku ne ya sayo da yawa. Tana ta sa min albarka, tana cewa, “Ke da aka yi wa rabi kamar ni, ina kike samu?” Ni kuma in ce Allah ne. Duk buhun da na aika, sai in ji kamar na rage bashi, alhali ko kusa. Ba shinkafa take buƙata daga wurina ba, magana ɗaya ce, kuma na hana ta.

Da lokacin sabunta bizar yaran ya zo, babu. Ta haɗa kayanta. Ranar da za su tafi, kin tuna, ta zo gidan nan rungume da tukunyar dalmarta, wadda ta taho da ita tun daga Funtuwa a cikin akwati, da muciyarta. Ta ce nauyin kaya ya yi yawa, kuma ba wanda ya cancanci ya gaje ta sai wadda suka sha wuya tare. Na karɓa. Na rungume ta muka yi kuka, ke ma kina kuka, kina tsammani kukanmu iri ɗaya ne. Duk tuwon da kika ci a gidan nan tun daga ranar, a cikinta na tuƙa shi.

Yanzu ki ji ƙarshen abin, don shi ne ya fi ci min rai. Bayan tafiyarta da ’yan watanni aka buɗe makarantu. Muna zaune a ɗakin malamai, kowa nesa da kowa, sai Cikgu Noraini, wato Malama Noraini, dattijuwar nan mai koyar da Malayanci, ta buɗe ƙunshin shinkafarta, ta ce ita fa ta gaji. Ta faɗi abin da ake ba ta kafin kulle da abin da ake ba ta yanzu, kai tsaye, kamar tana faɗin kuɗin mota. Ta ce, “Ni an ce min kowa haka aka yi masa. Haka ne?” Sai malamin kimiyya ya faɗi nasa. Wata ta faɗi nata. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta bayyana cewa kowa da labarin da aka ba shi. Wasu rabi, wasu kashi ɗaya cikin uku, wasu ba a taɓa su ba sam, kuma kowa an ce masa ya rufe bakinsa. Waɗanda aka fi yanka su ne waɗanda aka san ba su da wurin zuwa. Ni ce ta ƙarshe da ta faɗa, kuma da ƙyar ya fito.

Muka shiga wurin mai makarantar gaba ɗaya. Ba zagi, ba ɗaga murya. Cikgu Noraini ce ta yi magana, mu muna tsaye a bayanta. Ya yi fushi, ya yi barazana, ya ce an ci amanarsa. Amma ba zai kori duk malamansa ana tsakiyar zango ba. Ba a rufa wata biyu ba aka mayar wa kowa albashinsa, aka biya wani abu daga abin da aka rage. Waɗanda suke nan ke nan. Binta tana Funtuwa, a ɗakin da yayanta ya ba ta aro, tana koyar da yaran unguwa.

Kin gani? Abin da na ɗauka dutse ne, ashe magana ɗaya a kan shinkafa ta isa ta motsa shi. Da ranar nan a baranda na ce, “A’a Binta, ni kaɗan aka rage min, kada ki sa hannu tukuna, mu tambayi sauran,” wataƙila da yanzu ana kiran ta Dakta. Wataƙila kuma da an kore mu mu biyu, ban sani ba, ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne ta tambaye ni tsakanina da Allah, na zaɓi kaina.

To Mamana, ga abin da nake so ki yi, kuma ki yi shi da hankali, ba da zafin kai irin nawa ba.

Ki ɗauko kwantiraginki ki karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ki ga ko an rubuta hana faɗin albashi, ko kuwa bakin manaja ne kawai. Sau da yawa baki ne kawai. Ni ba lauya ba ce, ban san abin da dokar ƙasar nan ta ce a kai dalla-dalla ba. Na ji ana cewa akwai ƙasashen da doka ta fito fili ta kare ma’aikaci a kan wannan, amma kada ki ɗauki jita-jitar uwarki ki tunkari kowa da ita. Ki tambayi wanda ya san dokar aiki, ko ku je ofishin ƙwadago ku yi tambaya, tambaya ba ƙara ba ce. Ki kuma sani, albashinki naki ne, ke ke da ikon faɗinsa. Na wani kuwa, in aka faɗa miki ko kika gani a bakin aiki, amana ne, ba ki da ikon kai shi gaba sai da izininsa. Kada ki rubuta komai a kwamfutar kamfani ko a zauren hirarsu na waya. Ku zauna ido da ido a ɗakinku, ki faɗa mata duka, da alawus da awannin aiki, don kada ki ba ta rabin gaskiya irin tawa.

In kin faɗa mata, ki ja bakinki. Kada ki ce mata ta sa hannu, kada ki ce ta ƙi. Ita ta san nauyin da ke kanta, iyayenta sun sayar da abin da suka sayar kafin ta yi karatu a garin nan. Wataƙila ta ji duka ta sa hannun, amma ta sa idonta a buɗe. Wataƙila ta tambayi wasu, su shiga tare. Wataƙila kuma ranta ya ɓaci, ta yi kwana biyu ba ta yi miki magana ba, don ba daɗi mutum ya ji wanda ya kawo jiya ya fi shi. Ki yi haƙuri da ita, zai wuce. In kuma wata rana ke ce aka yi wa ƙasa, kada ki huce a kan abokiyar aikinki, ba ita ta yanka ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. Kina cikin watannin gwaji, izinin aikinki a hannunsu yake, kuma mu baƙi ne a ƙasar mutane. Ina jin tsoro, wallahi ina ji. Abbanku da na gaya masa ta bayan ƙofa abin da zan rubuta, sai ya ce, “Yarinyar nan fa yanzu ta fara.” Na ce na sani. Ya ce, “To ki gaya mata ɗakinta yana nan, ba za mu zuba kaya a ciki ba.” Saƙonsa ke nan. In aikin nan ya tafi saboda kin faɗi gaskiyar abin da yake naki, za mu ji zafi, mu nemi wani. Wannan ciwo ne mai warkewa. Wanda nake ɗauke da shi ban ga ranar warkewarsa ba.

Na ajiye biro a nan ɗazu, na yi sallar la’asar. Ina kan darduma na ga rashin kunyata, ina aika ki ki yi abin da ni ban yi ba har yau. Binta tana kira na duk Juma’a. Juma’ar da ta wuce ma ta kira ta yi min ya jiki, ta ce ta sa yaran makarantarta sun yi min addu’a. Sai na duba agogo, na ga hantsi ya yi a Funtuwa, na kira ta da wannan muryar tawa ta kwaɗo. In kin ji ina magana ɗazu, da ita ce.

Na faɗa mata duka, tun daga wayar kicin har zuwa shinkafar Cikgu Noraini. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gidansu. Can ta ce, “Maman Ummi, da bironki fa na sa hannu.”

Na ce, “Da shi ne.”

Ta ce, “Ki bar ni tukuna. Allah Ya ƙara sauƙi. Ki gaida Ummi.” Ta kashe.

Ban san ko za ta kira ranar Juma’a ba. In ba ta kira ba, ba ta zalunce ni ba.

Na ce wa Abbanku ya wanke tukunyar dalmar nan, ya sa miki a kwalin kayan kicin tare da muciyar. Kada ki ce ta yi nauyi, kada ki ce ba ki iya tuƙi ba, kin iya, ƙiwa ce. Akwai garin semo da kuka da daddawa a leda. Gobe in kun gama jera kaya, ki tuƙa muku tuwo ke da Safiya, ku zauna a ƙasa ku ci, ki faɗa mata. Gobe, Mamana, ba jibi ba. Alhamis ba ta da nisa, kuma na san yadda baki yake ƙara nauyi in an kwana.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga ɗakin nan da ƙafar dama. Ya tsare ki a jirgi da kan hanya da wurin aiki, Ya kare ki daga cuta da sharrin mai sharri. Ya ba ki halal mai albarka, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu amana, Ya sa ke ma ki zama haka gare su. Ki sa takunkuminki, ki riƙe sallarki. Da safe in za ki fita, ki tsaya a bakin ƙofata ki yi sallama da ƙarfi, zan sa miki albarka daga ciki. In kuma kin idar da salla, ki sa Anti Binta a addu’a kafin ki sa ni.

Wassalam.

Ummanki